Baƙar Miyar Da Kaka Ta Zuba Wa Remek

Masu karatu, ku yi mini haƙuri in kun ga rubutuna ya karkace yau. Da yawanku kun turo saƙo kuna tambaya ko Remek ya zo neman aurena ranar Lahadi kamar yadda aka tsara. Ya zo. Amma kafin in kai ku teburin, sai na gaya wa waɗanda suka shigo yau irin gidan da ya shiga.

Ni ce Bogna, autar gidanmu, ina aiki a kantin magani na garinmu da ke bakin kogin Wisla. Tun rasuwar Baba gidan ya zama na mata zalla: Mama, da Kaka wadda ta haifi Mama, da ni, sai Yaya Dobrawa a ɗakin bene.

Yaya tana jaririya ta yi ciwon da likitoci suka cire rai da ita. Mama ta durƙusa gaban hoton Uwa Maryamu ta ce, in ta rayu taki ce. Ta rayu. Har ta shiga makaranta ba a taɓa sa mata wani launi ba sai fari da shuɗi, launukan Uwa Maryamu, kuma duk garin ya san dalili. Da ta girma babu wanda ya tambaye ta, ita ma ba ta ce komai ba, ta shiga gidan sistoci, matan da ke ba coci rayuwarsu ba aure. A ƙarshen watan Satumba sistoci biyu suka dawo mana da ita cikin mota. Suka ce ta faɗi ana tsakiyar addu'ar safe, tana ihu, tana dariya, tana kartar ƙasa da farce. Shugabarsu ta ce a kai ta asibiti. Mama ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, shaiɗan ne ya zo ƙwace abin da ta ba Allah.

Ta ɓoye takalman Yaya da rigar sanyinta don kada abin ya fita da ita ya jefa ta a kogi. Daga ranar, ko Mama ko Kaka, dole ɗaya na zaune a kicin tana fuskantar matakala. Ni ce mai kai mata abinci. Na ga abin da idona, kuma tun daga lokacin nake azumi duk ranar Juma'a saboda ita.

To a cikin wannan hali ne Remek ya yi abin da ya yi. Shi yana aiki a gidan al'adu na garin, kowace Alhamis yana haska tsofaffin fina-finai ga 'yan tsirarun tsofaffin da ɗumin hita ne ya fi kawo su. Wata safiya ina tafiya aiki sai na ga hoto manne a tashar bas, da ƙofar gidan burodi, har da jikin kantinmu: sista ce, baki buɗe, ido a juye. Wani tsohon fim ne na baƙi da fari, wanda ya girmi Mama, a kan sistocin da shaiɗanu suka shige su.

Na tsaya a titi na rubuta masa: "Ka haukace ne? Yayata tana bene, ka cika gari da wannan?"

"Ki zo ki gani," in ji shi. "Ki zo da Mama in za ki iya."

"Da Mama? Ka san abin da kake faɗa kuwa?"

"Ki roƙe ta, Bogna. Don Allah."

Ban roƙe ta ba, wa ya isa? Ni kaɗai na je, kuma har yau ban san abin da ya kai ni ba. Zauren da kullum yake wayam ya cika har ana jera kujeru a hanya. Matan ƙungiyar mawaƙan coci suna nan, matar mahauci tana nan da 'ya'yanta, waɗanda ba su taɓa taka ƙofar wurin ba. Ina shiga aka yi tsit, wuyoyi suka juyo. Aka kashe fitila. Can cikin fim wata sista ta yi dariya, sai na ji gashin jikina ya miƙe. Dariyar Yaya ce. Yadda take farawa ƙasa-ƙasa ta katse kamar an shaƙe ta, yadda wuya yake lanƙwashewa baya, har yadda yatsu suke lalube a ƙasa, babu abin da ya bambanta. Na fito ina cewa a raina, ashe Mama ce da gaskiya. In ba abu ɗaya ne yake shiga mutane ba, ta yaya waɗanda suka yi fim tun kafin a haifi Mama za su san abin da ke faruwa a benenmu?

Bayan nan motoci suka koma rage gudu a ƙofar gidanmu. Wata ta ajiye kyandir a bakin shinge. Mama ta daina zuwa gidan burodi. Ba ta ce da ni komai a kan Remek ba, ba ta kuma ce an fasa zuwansa ba. Abin da ta ce kawai shi ne ranar Litinin za ta kai Yaya wajen wani Fada, limamin coci, a wani gari, wanda aikinsa ke nan fitar da irin waɗannan abubuwa.

Ranar Asabar na dawo daga aiki na tarar da Kaka a rumfar baya, agwagwa a tsakanin gwiwoyinta, wuƙa a hannu, kwano mai binega, ruwan tsamin girki, a ƙasa.

"Kaka, ai romo aka ce za a yi."

"Romo na nan. Kaza tana kan wuta."

"To jinin fa na mene ne?"

"Riƙe mini kwanon nan ki yi ta juyawa kada ya daskare, ki daina yi mini tambaya kamar 'yar sanda."

Na riƙe. Ku ji fa, da hannuna na juya jinin.

Baƙar miya ba baƙuwa ba ce a gidanmu. Jinin agwagwa, binega, busassun 'ya'yan itace, a zuba a kan taliya, ni kaina ina sonta. Amma ranar da namiji ya zo neman aure, in aka ajiye masa ita a gabansa, an ce masa a'a ke nan, ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Ko ɗan firamare ya san wannan. Na ɗauka abin ya rage a bakin tsofaffi ne kawai, ban san a rumfarmu yake jirana ba.

Na wanke hannu na rubuta masa: "Kaka ta yanka agwagwa. Kada ka zo gobe."

Na ga ya karanta. Ya daɗe kafin ya amsa: "Zan zo. A falo za a ci, ko?"

Na kalli saƙon nan ina jin kamar in jefar da wayar. Ana maganar rayuwata, shi yana tambayar ɗaki. Na rubuta, "A falo mana, kai baƙo ne," na kife wayar.

Ranar Lahadi bayan an taso coci na sa koriyar rigata mai dogon hannu, wadda ya taɓa cewa tana sa idona ya yi haske, na sa 'yan kunnen da Baba ya saya mini, na cire, na sake sawa. Mama ta buɗe falon da ba a buɗewa sai da baƙi ko gawa. Ta shimfiɗa farin mayafin tebur, ta fito da farantai masu bakin zinariya. Na kai wa Yaya nata abincin bene. Tana zaune bakin gado, gashinta ɗan guntu kamar na namiji, tana kallon taga.

"Kin yi kyau, Auta," in ji ta.

Na ajiye tiren na gudu. Tsoronta nake ji in ta yi magana a hankali fiye da in tana ihu.

Ana yayyafi ya iso. Baƙar kwat, takalmi yana ƙyalli, furanni ƙulli biyu, ɗaya na Mama ɗaya na Kaka. Ya sunkuya ya sumbaci hannun Mama, ta bar masa hannun kamar tsumma. Ya sumbaci na Kaka.

"Leɓenka sanyi kamar kifi, mai sinima."

"Sanyin gari ne, Pani Otylia," in ji shi, ya haɗa sunanta da "Pani" na girmama mace.

"Zauna, na dafa abin da zai ɗumama ka."

Shi da kansa ya tura ƙofar falon ya rufe, wai iska tana bugun bayan Kaka. Mama ta yi addu'a. Kaka ta zuba wa Mama romo mai haske, ta zuba mini, ta zuba wa kanta. Sannan ta ɗago murfin wata 'yar tukunya da ke gefenta, ta cika farantinsa har baki. Baƙa wuluk, tururi na tashi, a kan farin mayafin nan.

Ina jin agogon bango. Na san abin da namiji yake yi a irin wannan: ya miƙe, ya gode, ya ɗauki hularsa. Ina jira in ji ƙarar kujera.

Sai ya ɗauki cokali.

Ya sha a hankali, cokali bayan cokali, yana busawa, kamar mai dukan lokacin duniya. Mama ta ƙura masa ido, romonta yana hucewa.

"Pan Remek," in ji ta, da "Pan" na girmama namiji, "ina zaton an koya muku wannan a makaranta."

"An koya mana, Pani Lucyna."

"To ka san abin da kake sha."

"Na sani. Kuma ban taɓa shan mai daɗinta ba. Akwai busasshen inibi a ciki, ko?"

"Ji ɗan banza," in ji Kaka, amma na ga gefen bakinta ya motsa. "An kore ka, kana tambayar kayan miya."

"In akwai saura, Pani Otylia, a ƙara mini."

Masu karatu, ba zan ɓoye muku ba, a wannan lokacin na so shi fiye da duk ranar da na san shi. Na ce a raina, ga namijin da aka wulakanta, ya haɗiye wulakancin har yana neman ƙari, duk don kada ya bar ni. Hawaye suka cika mini ido. Ku riƙe wannan, don yanzu in na tuna shi kunya nake ji.

Kaka ta ƙara masa. Ya ci gaba da sha, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Na lura yana yawan kallon agogo, na ɗauka kunya ce ta hana shi kallonmu. Mama ta gaji ta ajiye cokalinta.

"Tunda kana so a faɗa da baki, zan faɗa. Ka ɗauki azabar 'yata ka manna a tashar bas. Ka tara gari suna kallonta kamar biri. Ba zan ba ka ɗayar ba."

"Mama..." in ji ni.

"Ke yi shiru."

Sai ƙofa ta buɗe.

Yaya Dobrawa ce a tsaye, sanye da rigar sanyina ja, da dogayen takalmana, ruwan sama a kafaɗunta. Tun da aka dawo da ita ba ta taɓa saukowa ba. Ban taɓa ganinta da jan kaya ba a rayuwata. Mama ta yi alamar gicciye. Remek ya rufe ido ya ce ƙasa-ƙasa, "Me ya dawo da ke?"

Dawo da ke. Kalmomin nan suka wuce ta kunnena, ban kama su ba sai daga baya.

"Na ga tukunyar jinin a kicin," in ji Yaya. Muryarta lafiya lau, irin ta da. "Mama, ni na ce ya haska fim ɗin. Da wayar Bogna na kira shi, ranar da ta manta ta a kan tire."

"Ki koma sama, 'yata."

"Ba zan koma ba. Babu komai a jikina, Mama. Bai taɓa kasancewa ba. Tun muna sakandare na ga fim ɗin nan, a cikinsa na koyi dariyar da komai. Na so ki je ki gani da idonki ki gane, don kada sai na faɗa miki da bakina. Ba ki je ba. Garin ne ya je."

Duk azumin Juma'ar nan. Duk tsayuwar da nake yi a bayan ƙofarta ina jan carbi.

"Yaya," na ce, "ƙarya kika yi mana?"

Ta kalle ni, ba ta kau da ido ba. "Na yi, Auta. Shugabar gidan ta ce mini in ba zan iya ba, ƙofa a buɗe take, babu laifi. Ba ita ce ta riƙe ni ba. Duk zuwan da Mama ta yi ziyara nakan fara, in ce Mama, na gaji. Sai ta kama hannuna tana kuka tana ba ni labarin zazzaɓin da na yi ina jaririya. Na duba na ga Mama za ta iya zama uwar wadda shaiɗan ya kama, mutane su tausaya mata. Ba za ta iya zama uwar wadda ta ajiye lulluɓin sistoci da kanta ba. Na ɗauka sauƙi nake yi mata."

Har yanzu ina juya maganar nan. Wa ya fi laifi, wadda ta ba da rayuwar da ba tata ba don ta ceci ran, ko wadda ta ari sunan shaiɗan don ta karɓi rayuwarta? Na so in tsani ɗayarsu, in huta. Na kasa.

Na juya wajen Mama ina jiran ta fashe da kuka, ko ta mari Yaya, ko ta rungume ta. Ba ta yi ko ɗaya ba. Fuskarta ta yi laushi, har da ɗan murmushi, irin wanda ake yi wa mara lafiya.

"Kun ji ko?" in ji ta. "Fada ya gaya mini haka shaiɗan zai yi. Ya ce in ya ga ranar ta matso zai ce ba ya nan. 'Yata ba za ta yi mini magana haka ba. Bogna, miƙo mini ruwan tsarki a kan kabad."

Wannan ne ya fi komai girgiza ni. An faɗi gaskiya tsirara a gabanta, ita kuma ta mai da gaskiyar shaida.

Kaka ta ajiye cokalinta. Ta daɗe tana kallon Yaya, sannan ta miƙa hannu a hankali ta mayar da murfin 'yar tukunyar.

"Lucyna," in ji ta, "zauna."

"Mama, kina gani..." in ji Mama.

"Ina gani. Na ce ki zauna."

Yaya ta juya ta fita. Remek ya miƙe, ya sunkuyar da kai ga Kaka, ya bi ta. Ni ma na bi su da silifas ɗin cikin gida, ruwa yana jiƙa mini koriyar riga. Motarsa ba a ƙofar gida take ba, a lungun baya ya ajiye ta, a buɗe. A kujerar baya na ga tsohon akwatin Yaya, wanda ta tafi gidan sistoci da shi.

A nan komai ya haɗu mini. Falo ne kaɗai ɗakin da ba a ganin matakala daga cikinsa. Yau ce kaɗai ranar da Mama da Kaka za su bar kicin tare. Ƙofar da ya rufe. Agogon da yake kallo. Faranti na biyu.

"Remek," na ce. "Ba don ni ka sha miyar nan ba."

"Bogna, shiga mota, ruwa yana dukanki."

"Lokaci kake ja mata."

Bai musa ba. Abin da nake so a wajensa ke nan tun farko, ba ya iya musu, kuma ranar nan shi ne abin da ya soke ni.

"Gobe za a kai ta," in ji shi. "Ta roƙe ni kada in gaya miki, ta ce fuskarki ba ta iya ɓoye komai. Ƙanwata tana da ɗaki a garin Torun, za ta zauna can."

"Kana kallona ina azumi. Kana kallona ina kuka a kafaɗarka."

"Ina kallo."

"To gaya mini ɗaya. Yau ni ka zo nema, ko ita ka zo fitarwa?"

Ya sa hannu a aljihun kwat ya fito da ɗan akwatin zobe, ya riƙe shi a saman motar, ruwa yana sauka a kai. "Wannan tun bazara yake wurina. Amma ranar, ita ta sa na zaɓi yau. Ba zan ce miki ba haka ba ne."

Daga ƙofar baya na ji muryar Mama, a hankali, kamar kullum in na tsaya hira a waje: "Bogna, shigo ki rufe ƙofa, sanyi yana shigowa."

Na kalli zoben. Na kalli Yaya a kujerar baya, ta haɗa hannuwa a cinya, tana rawar sanyi cikin rigata. Na zagaya, na wuce ƙofar gaba da ya buɗe mini, na ture akwatin kayanta na zauna kusa da ita.

"Ja mota," na ce. "Zoben ka mayar aljihu. Ban ce e ba."

Ya mayar. Muka fita daga lungun. Yaya ta nemi hannuna, ban ba ta ba, ban kuma janye ba. Ba mu kai gadar kogi ba wayata ta yi motsi. Mama ce, wadda ba ta taɓa rubuta mini saƙo ba sai dai ta kira:

"Kada ki ji tsoro, autata. Na san ke ma ba ke ba ce. Na gaya wa Fada ku biyu ne yanzu. Ina zuwa."